Ba Kowane Ciwon Ƙashi Ne Sanyi Ba

Akwai wata kalma guda a bakin Hausawa wadda ta gurgunta mutane da yawa, amma ba a taɓa kai ta gaban alƙali ba. Kalmar nan ita ce sanyi. In tsoho ya tashi da safe gwiwarsa ta ƙi miƙewa, sai a ce sanyi ne. In yaro ɗan shekara bakwai ya kwana yana kuka da ƙwaurinsa, jikinsa kamar garwashi, sai a ce sanyi ya kama shi. In mace ta kāsa riƙe muciya don kumburin yatsu, sanyi ne. In saurayi ya yi wata uku yana fama da ciwon baya, yana ta ramewa, shi ma sanyi ne. Cuta huɗu ke nan, kowace da asalinta, kowace da maganinta, amma an cusa su cikin buhu ɗaya an ɗaure bakin. Tun da ya ke an ba su suna ɗaya, magani ma sai ya zama ɗaya, watau jiƙo, da ƙaho, da tsaga, da 'yar ƙwayar nan da a ke talla a tashar mota. Tsohon ya kan sami sauƙi, gama nasa ciwon na shekaru ne. Sauran ukun kuwa, kowace rana da ta wuce ana ce wa ciwonsu sanyi, ƙashinsu ne ke cinyewa.

Wannan al'ada ta isa a bar ta. Tushenta kuwa shi ne zaton da jama'a ke yi cewa ƙashi busasshen abu ne, kamar azarar da ta ɗauke soro, wanda ba abin da ke samunsa sai karaya ko shigar sanyi. Alhali ƙashi rayayyen abu ne, yana ci yana sha, jini na gudana cikinsa dare da rana. Bugu da ƙari, cikin ƙashi ne a ke haihuwar mayaƙan da ke tsare jiki daga cuta, waɗanda a ke kira garkuwar jiki. Wanda ya gane dangantakar da ke tsakanin ƙashi da mayaƙan nan, ba zai sāke yarda a ɗaure ƙafar yaro mai zazzaɓi da karan ɗori ba.

Gidan da a ke haihuwar jini

Kowa ya ga mahauci ya fasa ƙashin sa, ya ga ɓargon da ke ciki. Mutane sun daɗe suna shan ɓargo a romo ba su san aikinsa ba. Sai cikin shekara ta 1868 waɗansu masana biyu, Ernst Neumann a ƙasar Jamus da Giulio Bizzozero a ƙasar Italiya, kowa a nasa wurin, suka duba ɓargo da madubin likita, suka tabbatar cewa a nan ne a ke ƙera ƙwayoyin jini.

Baligin mutum yana da ƙashi 206. A jikin jariri ɓargon dukan ƙasusuwa ja ne, yana aikin yin jini. In mutum ya girma sai aikin ya tattaru a ƙashin ƙugu, da na ƙirji, da haƙarƙari, da ƙashin baya, da ƙoƙon kai, da kan ƙashin cinya da na damtse. Daga nan ne jajayen ƙwayoyin jini ke fitowa, fiye da miliyan 2 cikin kowane sakan guda, ko wace ta yi kwana kamar 120 tana kai iska ga gaɓoɓi, sa'an nan ta mutu a sāke wata. Daga nan kuma fararen ƙwayoyin jini ke fitowa, su ne mayaƙan. Iri ɗaya kaɗai daga cikinsu, waɗanda ke fara isa bakin dāga, ɓargo na fitar da wajen biliyan 100 kowace rana. Mugunyar da a ke gani cikin maruru, yawancinta gawawwakin waɗannan ne da suka mutu wajen yaƙi.

Mayaƙan nan iri-iri ne. Akwai masu haɗiye ƙwayar cuta ɗungum. Akwai masu barin ɓargo tun suna ƙanana su tafi wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, a hore su su san ɗan gida su san baƙo. Akwai kuma masu ƙera makaman da ke yawo cikin jini. In an yi wa yaro allurar rigakafi, waɗansu daga cikin maƙeran nan su kan koma cikin ɓargo su zauna shekara da shekaru, suna ta ƙera makamin cutar da aka nuna musu. Ashe ƙashi shi ne gidan haihuwar mayaƙa, shi ne kuma rumbun makamansu.

Magina da marusa

Mai gidan ƙasa ya san in damina ta wuce sai an kankare tsohon yaɓe da ya tsattsage, a kwaɓa sabuwar ƙasa a shafe. Haka jiki ke yi wa ƙashi, sai dai shi aikinsa ba ya jiran kaka. Akwai ƙwayoyi iri biyu bisa wannan aiki. Iri ɗaya marusa ne, su kan manne a jikin ƙashi su zuba wani ruwa mai tsami su narkar da wurin da ya tsufa. Iri ɗaya kuma magina ne, su kan biyo baya su cike ramin da sabon ƙashi, su ƙarfafa shi da sinadarin kalsiyam, wanda kashi 99 cikin 100 na abin da ke jikin mutum yana cikin ƙashi da haƙora. Da haka a ke sabunta wajen kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi kowace shekara. Muddin rushewa da gini sun yi daidai, ƙashi na nan da ƙarfinsa.

To, abin mamaki shi ne asalin marusan nan. 'Yan'uwan mayaƙa ne, uwa ɗaya uba ɗaya da masu haɗiye ƙwayar cuta, cikin ɓargo aka haife su duka. Ga yadda aka ga shaida a jikin ɗan Adam. Akwai wata cuta da ba ta cika faruwa ba, wadda a kan haifi jariri marusansa ba su aiki. Ƙashinsa sai ya yi ta tauri yana cikewa, har ɓargo ya rasa wurin zama, jini ya yi ƙaranci, cututtuka su yi masa rubdugu. Cikin 1980 likitocin Jami'ar Minnesota a Amurka suka ba da labarin wata jaririya mai wannan cuta, wadda suka ɗebi ɓargon wanta suka sa mata. Bayan 'yan watanni ƙashinta ya fara buɗewa. Da aka duba marusan da ke aiki a jikinta, sai aka ga alamar halittar namiji gare su, watau daga ɓargon wan nata suka fito. Gani ya kori ji.

Saura a san wa ke ba marusa umurni. Tun cikin 1972 aka lura fararen ƙwayoyin jini, in an tsokane su, suna fitar da wani abu mai sa ƙashi ya narke. Tsakanin 1997 da 1998 masana a Amurka da Japan suka gano babban saƙon da ke ta da marusa, aka sa masa suna RANKL. Suka ga magina na aika shi daidai gwargwado don gyaran yau da kullum, amma mayaƙa ma suna aika shi, in yaƙi ya yi zafi kuwa ba su san gwargwado ba. Cikin shekara ta 2000 wannan fanni ya sami sunansa na kansa a wurin masana, cikin 2010 kuma aka fara ba marasa lafiya wata allura mai tare saƙon nan don ƙashi ya huta.

Ma'anar duk wannan a taƙaice ita ce, duk inda yaƙi ya daɗe kusa da ƙashi, ƙashin ne ke biyan diyya. Mai karatu ya dubi bakin mutumin da ba ya kula da asuwaki. Dauɗa ta taru a gindin haƙora, dasashi ya kumbura yana jini, mayaƙa su yi sansani a wurin shekara da shekaru suna kiran marusa. Sannu a hankali ƙashin muƙamuƙi da ya riƙe haƙori ya zaizaye, sai a ga haƙori lafiyayye, ba rami ba tsutsa, yana girgiɗi har ya faɗi. Abin da ke faruwa a baki, shi ke faruwa a ƙwauri da gadon baya da yatsu.

Cututtukan da a ke rufewa da sunan sanyi

Ta fari ita ce mugunya cikin ƙashi, wadda ta fi kama yara. Ƙwayar cuta ta kan shiga jini daga maruru, ko ƙurji, ko wani ɗan rauni, ta bi jini ta sauka a ƙarshen dogon ƙashi, galibi kusa da gwiwa, inda ƙashin yaro ke tsiro. Mayaƙa su auka mata, mugunya ta taru. A cikin nama mugunya na samun wurin kumbura, a cikin ƙashi kuwa babu, sabo da haka sai ta matse jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙashin. Yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, ya ƙi taka ƙafar, in an taɓa wuri guda ya ƙwalla ƙara. In an kai shi asibiti cikin kwanakin farko, maganin kashe ƙwayoyin cuta na 'yan makonni ya kan warkar da shi sarai. In aka tsaya ana ta shafe-shafe, wani yanki na ƙashin sai ya mutu. Mataccen ƙashi jini ba ya zuwa gare shi, inda jini ba ya zuwa kuwa, mayaƙa ba su isa, magani ma ba ya isa. Nan ƙwayoyin cuta za su yi gida, ƙafa ta huje tana zubar da mugunya shekaru, ba ta warkewa sai likita ya yi aiki ya cire mataccen yankin. Yawancin gyambon da a ke cewa ya gagari magani, in yana bisa ƙashi yana fid da 'yan ɓarɓashi, labarinsa ke nan. Wanda ya ɗaure irin wannan ƙafa da kara, ko ya yi mata sakiya da ƙarfe, ya ƙara wa wuta makamashi.

Ta biyu ita ce amosanin jini, wanda a ke kira sikila. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2006 cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da shi a ƙasar kowace shekara. Jajayen ƙwayoyin jininsu su kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, ɓargo ya rasa jini, shi ne azabar ciwon ƙashin da su ke sha. A jarirai ya kan fara da kumburin bayan hannu da na ƙafa. Toshewar nan kuma tana lalata saifa tun suna ƙanana, ita kuwa saifa matata ce inda mayaƙa ke tace ƙwayoyin cuta daga jini. Garkuwa ta yi rauni, ƙashi kuma ga shi da tabo, sai ƙwayar cuta ta sami wurin shiga, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin ɓuya. Cikin 1960 likitocin asibitin koyarwa na Ibadan suka ba da labarin yara masu mugunyar ƙashi wadda ƙwayoyin cuta dangin na zazzaɓin taifot suka haddasa, mafi yawansu kuwa masu sikila ne. Yaro mai sikila in ya haɗa ciwon ƙashi da zazzaɓi, ba mai iya rarrabe toshewar jini da mugunya a zaure, sai a asibiti.

Ta uku ita ce tarin fuka na ƙashin baya. Jama'a sun ɗauka tarin fuka a huhu kaɗai ya ke zama, ba haka ba ne. Ƙwayarsa, wadda Robert Koch na Jamus ya gano cikin 1882, ta kan bi jini ta sauka a ƙashi, wajen rabin masu shi a ƙashi kuwa a gadon baya ya ke kama su. Mayaƙa su kan kewaye ta su tsare ta shekaru, mutum na harkarsa bai sani ba. Ran da garkuwa ta yi rauni, ko don yunwa, ko ƙyanda, ko ciwon sukari, ko ƙanjamau, sai ta ɓalle. Yaƙi ya tashi, marusa su cinye gaban ƙasusuwan baya kamar gara ta ci azara, har su rufta bisa juna, baya ya yi ƙusumbi mai tsini. In mugunya ko karyayyen ƙashi ya danne lakar da ke ciki, ƙafafu su shanye. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana wannan tun 1779, amma har yanzu in yaro ya yi doro a kan ce faɗuwa ya yi daga goyo, ko iska ta taɓa shi. Alamunsa ciwon baya wanda ba ya sauka ko an kwanta, da rama, da zufar dare, ba lalle ne a ji tari ba. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Na huhu wata 6 a ke sha, na ƙashi ya kan kai wata 9 zuwa 12. Magani na kashe ƙwayar, amma ba ya miƙe bayan da ya riga ya karye, don haka icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ta huɗu ita ce amosanin gaɓɓai mai cin ƙashi, wanda ya fi kama mata ninki biyu ko uku bisa maza. A nan babu baƙo ko ɗaya, mayaƙa ne suka ruɗe suka juya wa gida baya, suka auka wa shimfiɗar da ke cikin gaɓa. Yatsun hannun dama da na hagu su kumbura tare, su sandare da safe har awa guda ko fiye. Mayaƙa su yi ta kiran marusa, gefen ƙashi ya yi ta ɓurmawa, ɓarnar kuwa ta kan fara cikin shekara biyun farko. Akwai magungunan da ke kwantar da wannan tawaye, har da wanda a ke sha sau ɗaya a mako, a hannun likita da awon jini. Sai dai ba su mai da yatsun da suka riga suka karkace.

'Yar ƙwayar tasha

Yanzu a zo ga babbar ɓarna. Mai ciwon gaɓɓai ya kan je kantin magani ko wurin mai talla, a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, a ce maganin sanyi ne. Ya sha da dare, da safe ya tashi garau, ya yi ta sa albarka. Sau da yawa cikin ƙullin akwai deksametason ko firedinisolon, dangin wani magani mai suna kotizon. Irinsu ne kuma waɗansu 'yan mata ke sha don ƙiba, har a ke musu kirari da sha ka fashe.

Tarihin maganin nan ya isa wa'azi. Cikin 1948 wani likitan Amurka, Philip Hench, ya yi wa wata mace allurar kotizon, wadda amosanin gaɓɓai ya kwantar. Cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. Duniya ta ɗauka an gama da cutar, cikin 1950 aka ba shi lambar girma ta Nobel tare da waɗansu masana biyu. Ba a daɗe ba likitoci suka ga abin da ke biyo baya in an daɗe ana sha, suka ja linzami.

Aikin maganin shi ne ya sa mayaƙa barci. In mayaƙa sun yi barci kumburi ya sauka, zafi ya tafi, amma cutar na nan. In mugunya ce ko tarin fuka, an ɗaure mai gadi ke nan an bar ɓarawo cikin gida. Ban da wannan, maganin na kashe gwiwar magina, yana ƙara wa marusa kwana, yana hana hanji tsotse kalsiyam daga abinci. Ƙashi ya fi saurin zaizayewa cikin watannin farko na shansa. Wani ƙashin bayansa ya kan rufta don ɗaukar tulun ruwa kawai. Wani kan ƙashin cinyarsa ya mutu, saurayi ya koma ɗingishi. Fuska ta kumbura ta yi kamar faifai, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, a ce an yi ƙiba, alhali kuwa kumburi ne da kitsen cuta. Ga hawan jini, ga ciwon sukari.

Maganin kansa ba abin zargi ba ne. A hannun likita, da awo da ƙidayar kwana, yana ceton rai, cikin 2020 ma an tabbatar a Ingila cewa deksametason na rage mutuwar waɗanda cutar korona ta tsananta musu. Abin zargi shi ne mai sayar da shi ba tare da ya san abin da ke damun mai saye ba. Wuƙa a hannun mahauci sana'a ce, a hannun yaro kuwa sai a yi ta salati. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, gama jikinsa ya saba har ya daina yin nasa na halitta, yankewa farat ɗaya na iya kashe shi. Ya tafi wurin likita da sauran ƙwayar a hannu, a rage masa sannu sannu.

Amsa ga masu gardama

Wani zai ce, ai da idonsa ya ga ciwon na tashi lokacin hunturu da damina, yaya za a ce ba sanyi ba ne? Abin da ya gani gaskiya ne. Sanyi na tsuke jijiyoyin jini, don haka mai sikila in ruwa ya dake shi ya kan kwanta. Amma yara goma ruwan ya daka, ɗaya ya kwanta. Sanyi ya taras da cuta ne ya tsokane ta. A lulluɓe yaro da bargo, wannan daidai ne, sa'an nan a nemi abin da ke cikin jininsa.

Wani zai ce, maɗora fa, tun kaka da kakanni su ke ɗori mutane na warkewa. Ba mai musun haka, akwai gidajen da suka gāji sanin karaya, sun kuma taimaki jama'a a inda babu likita. Amma a san wa ke haɗa ƙashin. In ƙashi ya karye, jini ya kan taru a wurin, mayaƙa su zo su share tarkace, su kira magina su yi ƙullin sabon ƙashi. Aikin mai ɗori, da na likita ma, shi ne daidaita ƙashin da hana shi motsi. Wannan aiki yana da iyaka uku. In ƙashi ya huda fata ya fito, ƙasa da dauɗa sun shiga, sai an wanke a asibiti an ba da magani a ranar. In an ɗaure aka ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun canza launi, ɗaurin ya hana jini wucewa, a kwance nan take a tafi asibiti, in ba haka ba hannu ya ruɓe sai yankewa. In kuwa ba faɗuwa ba bugu, ƙashi ya kama ciwo da zazzaɓi, to ba karaya ba ce, ba abin da za a ɗora. Maɗorin ƙwarai shi ne wanda ya san waɗannan uku, ya ce a wuce gaba. Wannan ba ya rage masa daraja, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wani kuma zai ce asibiti da nisa, ga tsada, ga dogon layi. Wannan kuka ne na gaskiya, wajibi ne kuma hukuma ta ji shi, ta kusanto da awo da magani ga ƙauyuka, ta tsawata wa masu sayar da ƙwaya barkatai. Amma mai gida ya yi lissafi. Kuɗin mota da na maganin mako huɗu a gefe ɗaya. A ɗaya gefen kuma, shekara goma na wankin gyambo, da aikin fiɗa sau biyu ko uku, da yaron da ya bar makaranta, da gonar da aka sayar. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana nan tun 1959, masu aiki a irin waɗannan wurare kuwa ba ƙarancin sani ke ɗaure musu hannu ba kamar zuwan mutane a makare. Araha ba ta ado.

Mai cewa ƙaddara ce, a ce masa haƙiƙa kome da ƙaddara, amma wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, ya kuma ba ɗan Adam hankalin nema. Ba a taɓa jin manomi ya ƙi shuka don abincinsa ƙaddara ne ba.

Abin da ya wajaba

Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya ci nasara, ya zama idon gidansu da na unguwarsu. Ga abin da a ke bukata gare shi. In an ce sanyi, ya yi tambaya huɗu. Akwai zazzaɓi? Ciwon wuri guda ya tsaya, har yaro ya ƙi taka ƙafa? Akwai rama da zufar dare tare da ciwon baya da ya wuce wata guda? Yatsun hannu biyu na sandarewa da safe? In an amsa ɗaya da i, maganar jiƙo ta ƙare, sai asibiti, mai zazzaɓi kuwa a ranar, kada a kwana.

Ya karanta sunan kowace ƙwaya kafin a sha a gidansa, wadda ba ta da suna a jikin takardarta kada ta shiga bakin kowa. Ya ga an yi wa jariri allurar BCG da zarar an haife shi, gama tana tsare yara daga munanan nau'in tarin fuka, a kuma cika sauran alluran rigakafi. Ya ja hankalin samari da 'yan mata su yi awon jini kafin a sa rana, domin in namiji da mace duka suna ɗauke da iri, watau AS da AS, kowane ciki da za a yi akwai hatsarin ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Mai sikila a tsare shi daga sauro da ƙishirwa, a riƙa kai shi awo. A ba yara nono, da ƙananan kifi da ƙashinsu, da miyar kuka da zogale, gama magina ba su gini ba ƙasa, mayaƙa kuma ba su yaƙi da yunwa.

Kalmar sanyi a bar wa hunturu kayansa. Ciwon ƙashi kuwa a nemi sunansa na gaskiya tun da wuri, gama cutar da aka san sunanta ita a ke samun maganinta. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kuma sa a yi aiki da abin da aka karanta, amin.